Sakin Yaya Sharaf

Sanaiya, Doha
Afrilu, 2020

Yaya Sharaf,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da karatunka. Ni dai ga ni a kulle. An tare bakin titunanmu da shinge saboda korona, ba shiga ba fita sai motar abinci. Wanda ya yi tari a ɗaki, kowa ya juya fuskarsa bango. Lado, direban da ke kawo mana burodi, shi zai ba ka wannan takarda. Bai iya karatun boko ba, shi ya sa na yarda da shi, tunda ka sha ce mini kar in kuskura in rubuta maka komai ta waya.

Gaisuwa ta ƙare, Yaya, sai magana.

Ranar da na zo ɗakinka a Asmakh, kana alwala wayarka ta yi ƙara, na ɗauka. Wani ƙato da Hausar Jos ya ce, "Gaya masa Dogara ne, maganar sakinmu ce." Na yi dariya, na ce sakin wa? Ya ce, "Nawa da nasa." Na juyo in ba ka labarin mahaukacin da ya kira, sai na ga fuskarka. Ruwan alwala na ɗiga daga gemunka, ka kasa ko ɗaga ido. Abin da ka iya ce mini kawai, "Tafi kar motarku ta wuce." Kwana kaɗan aka rufe mu, aka bar ni da wannan abu a ciki kamar na haɗiyi garwashi.

Na yi ta juya shi har na gano bakin zaren. Auren takarda ne, ko ba haka ba? Lokacin da kake karatu a Afirka ta Kudu biza ta ƙare maka, wani shaiɗani ya ce ga hanya mai sauƙi, kai kuma da digirinka ka bi. Kai ɗin da Inna ke mana kwatance da kai! Ni da na tsaya a aji uku, nake tsintar littattafan da Turawa suka zubar a ginin da nake gadi, ko ni ba zan yi wannan wautar ba.

To abin ya riga ya faru. Ka kira shi ka ce ka sake shi, saki uku, khalas, magana ta ƙare. Ko shi ne zai sake ka? Wallahi ban ma san wa ke sakin wa ba a irin wannan. Ko ma wane ne, a furta a huta, kafin wani a ƙasar nan ya ji. Ka san inda muke.

Ka ba Lado amsa. Allah Ya tsare.

Ƙanenka,
Ghali

*

Asmakh, Doha
Afrilu, 2020

Zuwa ga ƙanena Ghali,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya fitar da ku lafiya, na sami takardarka. Ka riƙa rufe hancinka, kuma kar ka sha a kofin kowa.

Shawarar da ka ba ni, na riga na yi ta shekaru huɗu da suka wuce. Ranar da zan baro Cape Town na sami takarda na rubuta saki da hannuna, na sa kwanan wata, na ajiye a kan tebur, yadda muka ga Baba ya yi wa Gwaggo Adjara. Na hau jirgi ina ganin na gama. Ban taɓa sanin aure yana da wata ƙofar fita ban da wannan ba.

A dokar can, takardar nan ba komai ba ce. A ofishin gwamnati aka ɗaura, sai alƙali ne zai kwance. Har yau sunana na nan haɗe da nasa. Shi kuma yana so ya ci gaba da rayuwarsa, yana da gaskiya.

Ga inda tsoron yake. Ba zan iya kai maganar kotun nan ba, ba zan iya kai ta kotun gida ba. A duka wuraren biyu, in na buɗe baki na ce a raba ni, na amsa laifi ke nan da bakina. Kotun can kaɗai ke iyawa. Lauyan Dogara ya ce hanya biyu ce: ko in sa hannu a takardun da kaina gaban shaidu, ko kotu ta sa a aiko mini da sammaci ta hannun hukuma. In ta hannun hukuma ne, sai an fassara shi zuwa Larabci, ya bi ofis-ofis, ya iso jami'a da sunana a kai. Na roƙi Dogara ya dakata har a buɗe hanya. Ya yarda.

Saura abu ɗaya. Na so in bar ka da zatonka, domin ya fi sauƙi gare mu duka. Amma kai kaɗai nake da shi a ƙasar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba auren takarda ba ne, Ghali. Bizata ba ta taɓa ƙarewa ba.

Ka ƙona wannan in ka karanta. Kar ka nemi komai a kan maganar a wayarka. Kar ka gaya wa kowa, ko da a kaikaice ne. Na san bakinka.

Yayanka,
Sharafaddeen

*

Sanaiya
Mayu, 2020

Yaya,

Salam. Azumi ya zo mana a kulle, Allah Ya karɓa.

Na ƙona ta a bayan banɗaki, har na ƙone yatsa. Na yi kwanaki ban iya cin sahur ba. In na fara faɗa maka abin da ke raina, takardar nan ba za ta ishe ni ba. Ashe duk lokacin da Inna ke aiko maka da hoton 'yan mata kana cewa karatu tukuna, dariya kake mana? To ni yanzu me zan kira mutumin nan? Suruki?

Kuma gargaɗinka ya makara. Tun kafin takardarka ta iso na riga na karanta dokar gida a waya. Shekara goma sha huɗu ga wanda ya yi, goma ga wanda ya tsaya shaida. Ta nan ma na karanta, ban ƙarasa ba na kashe wayar. Yanzu kuma an ce kowa sai ya sa manhajar nan ta korona da ke sanin inda mutum yake. Ina kallon wayata a kan katifa kamar kunama.

Amma ka saurara, na samo maka mafita, kuma ban ambaci sunanka ba. Ka san Malam Masahudu, direban bas ɗin da ke ja mana salla a kam ɗinmu na ma'aikata. Bayan la'asar na ja shi gefe na ce, "Malam, wani abokina ne ya shiga wani hali." Na ba shi labarin sama-sama. Ya ja gemu, sannan ya ce ai babu aure tun farko, don haka babu saki, tuba kawai ake nema. Ka ji! Babu lauya, babu sammaci, babu Dogara. Ka toshe lambarsa ka yi istigfari.

Malam ya tausaya ƙwarai. Har ya tambaye ni a wace ƙasa ake irin wannan ta'asa, na ce masa Afirka ta Kudu. Ya ce Allah Ya shirya.

Ka ga amfanin tambayar manya. Da tun farko ka yi.

Ghali

*

Asmakh
Mayu, 2020

Ghali,

Salam. Hausawa nawa ne a Doha suka yi karatu a Afirka ta Kudu?

Malam Masahudu ya ci tuwo a ɗakin nan ranar da na yi walimar isowata. Shi ya yi addu'a. Shi ya tambaye ni ko akwai masallaci a Cape Town. Ƙauyensu na kusa da Funtuwa, kuma ya san Kawu Zulkiflu tun suna samari.

Amsar da ya ba ka ba ta goge sunana daga littafin kotu ba. Abin da ta ƙara shi ne mutum ɗaya da ya sani.

Kar ka zo nan ko an buɗe ku. Kar a gan mu tare na ɗan lokaci. Ba fushi nake ba. Ina jin tafiya a matakala sai in miƙe tsaye.

Allah Ya tsare ka.

Sharafaddeen

*

Sanaiya
Nuwamba, 2022

Yaya Sharaf,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki. An ce mini ka zama Dakta, har kana koyarwa. A bakin Lado na ji. Allah Ya sanya alheri.

Ɗan lokacin da ka ce ya zama shekara biyu da rabi. A masallacin idi na hango ƙeyarka, na bi ta wata ƙofa. Rabi don umarninka, rabi don ban san da wane ido zan kalle ka ba. Da ba dole ba, da yanzu ma ban rubuto ba.

Malam bai taɓa ce mini komai a fili ba, kuma wannan shi ke kashe ni. Duk Juma'a sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. "Ghali, ina abokin nan naka? Ya samu sauƙi?" In ce da sauƙi, Malam. Sai ya ce, "Ina Dakta kuma?" Kullum a jere yake yin su, tambaya biyun nan.

Yanzu abin ya wuce shi. An ɗebo mu gadin 'yan kallon gasar ƙwallo ta duniya a Corniche, bakin teku, kuma wanda aka ɗora mana sufabaiza shi ne Mijinyawa, wanda suke ci a kwano ɗaya da Malam. Ka san ba ma shiri. Ya hana ni hutun da nake bi, na ce masa a gaban mutane ba don rigar nan ba ko akuya ba za a ba shi kiwo ba. Na sani, na sani, kar ka faɗa. Shekaranjiya a cikin bas, ana ta maganar Turawan da aka ce an karɓe musu huluna masu launin bakan gizo a ƙofar fili, sai Mijinyawa ya ɗaga murya yana kallon madubi ya ce, "Ai mu ma muna da namu. Wasu yayyensu sun yi aure a waje, ko goro ba su raba mana ba." Aka yi dariya, ba wanda ya gane. Ni na gane. Na roƙi direba ya tsaya.

Mijinyawa kullum yana shan shayin karak da mandub ɗin kamfani, mutumin da ke kai takardunmu ofisoshin hukuma. Kalma ɗaya tsakaninsu ta isa ta hallaka mu. Malam kuma ya ce da an gama gasar zai tafi hutu gida, kuma zai leƙa Kawu, wai akwai maganar da ta fi ƙarfin yara.

Nan wuta, gida wuta, kuma ni na kunna ta da bakina. Me ake ciki da mutumin can? Ya haƙura ne?

Ƙanenka,
Ghali

*

Doha
Disamba, 2022

Malam Ghali,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Sunana Dogara. Mun taɓa magana sau ɗaya a waya, kuma na yi kuskure ranar. Na ɗauka Sharaf ne ya sa ka ɗauka, na ɗauka ka sani. Ka yafe mini.

Ina cikin garinku. Na shigo da katin 'yan kallo kamar kowa, na sayi tikitin wasan da ban damu da shi ba. Lauyana ya gaji da jira, ya ce a aika sammaci kawai. Na ce a'a. Na san abin da sammaci zai yi wa Sharaf, shi ya sa na ɗauko takardun da kaina.

Ya ƙi mu haɗu, kuma na fahimta. Ya ce in ba Lado direba wasiƙa zuwa gare ka. Abin da ake buƙata ba shi da yawa: ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ɗaya ina da shi, abokin tafiyata ne. Ɗayan dole ya zama wanda ya ga Sharaf yana sa hannu da idonsa. Ba shi da kowa sai kai.

Na san yadda kake kallona. Ban zo neman ka so ni ba. Ni ma ina da uwa a Kafanchan da ba ta san komai ba, ni ma ba na iya zuwa gida in yi barci. Ka karɓi takardun daga hannuna, ka kai masa, ka dawo mini da su. Daga nan ba za ku ƙara jin sunana ba.

Zan tsaya wajen jiragen ruwan katako a Corniche ranar Talata da la'asar, da jar hula. In ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Allah Ya kiyaye mu duka.

Dogara

*

Sanaiya
Disamba, 2022

Yaya,

Salam. Jiya na zo ɗakinka. Ka sa hannu, na sa, na fita ko ruwa ban sha ba. To ga abin da ban faɗa ba.

Na tafi wajensa ranar Talata da zagi cike da bakina. Tun a bas nake jera su. Na yi zaton zan ga wani ɗan iska mai yauƙi. Sai na tarar da mutum mai furfura a gefen kai, yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa riga, yana waige-waige kamar ɓarawon da bai iya sata ba. Ya fi ni tsorata. Ga 'yan Maroko na ta kiɗa da ihu a bayanmu, ga mu tsaye kamar masu jiran gawa.

Ka san abin da ya fara tambaya? Wai har yanzu gyambon cikinka na tashi? Wai kana cin abinci kafin ka sha shayi? Na ce ina ruwanka. Ya ce, "Babu, gaskiya ne."

Yau da na mayar masa da takardun, sai ya ciro wani abu naɗe a farin ƙyalle. Carbin Baba ne, Yaya. Wanda ka ce mana ya ɓace a jirgi. Ya ce a ƙarƙashin matashi ka manta shi, kuma tun ranar bai taɓa barin ya taɓa ƙasa ba, don ya ga yadda kake riƙe shi. Na tsaya da carbin ubana a hannu, duk zagin nan ya bi ruwa. Ban yafe ba, kar ka ɗauka na yafe. Ban ma san wa zan yafe wa ba. Na dai ce masa ya sauka lafiya.

Yanzu ga mugun labarin. Ina juyowa na ga Mijinyawa a bakin shinge da rigar aiki, ya ɗaga waya saitinmu. Ko hoto ya ɗauka, ko 'yan kiɗa yake ɗauka, Allah Ya sani. A bas ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baƙo ka yi daga Kudu?" Ban ce masa daga ina mutumin yake ba, Yaya. Ban ce ba.

Sunana na kan takardar nan yanzu, da lambar fasfona. Na san shaidar rabuwa na yi ba ta ɗaurawa ba, amma wa zai tsaya ya bambance? Duk motar da ta tsaya a ƙofar kam sai in leƙa ta taga.

Ni ɗan gadi ne, in an kore ni an kori ɗan gadi. Kai ne abin ji. Ka tafi. Kar ka jira a gama gasar, kar ka jira ƙarshen zango, ka bi cikin taron nan da ke fita kullum tun ba wanda ke kallon fuskar kowa. Kuma ba gida ba, Malam zai same ka a can. Ban san ina ba. Kai ne mai digiri, ka nemo.

Ga carbin na ba Lado.

Ghali

*

Asmakh
Disamba, 2022

Ƙanena Ghali,

Wa alaikumus salam. Lokacin da wannan za ta same ka na riga na tashi. Ba zan rubuta inda na nufa ba, don in an tambaye ka ka rantse da gaskiya cewa ba ka sani ba.

Na ajiye aikin. Littattafan da ke ɗakin naka ne, Lado na da makulli. Na mayar maka da carbin, kai za ka iya kai shi gida, ni ban san ranar ba. Ka ce wa Inna aiki ya kai ni nesa, zan kira ta in na zauna.

Kotu za ta raba ni da Dogara nan da 'yan watanni. Ka tsaya mini a abin da ba ka yarda da shi ba, kuma ka san farashinsa kafin ka sa hannu. Ba ni da abin da zan biya ka da shi.

Ka ci abinci. Ka bar Mijinyawa ya yi ta magana.

Yayanka har kullum,
Sharafaddeen

*

Sanaiya
Janairu, 2023

Yaya,

Salam. Ba ni da adireshin da zan sa, don haka wannan ma bayan banɗaki za ta ƙare. Amma sai na rubuta.

Ba wanda ya zo tukuna. Malam zai tashi jibi.

Yau bayan Juma'a ya riƙe hannuna, Mijinyawa na tsaye a bayansa yana murmushi. Ya ce, "Ghali, an ce Dakta ya tafi ba sallama. Ina ya nufa? Abokin nan naka fa?"

Amsa ta zo mini har bakin haƙora, mai zafi, irin wadda ka sani. Na sa ɗaya hannun a aljihu na damƙe carbin Baba. Na kalle shi, ya kalle ni. Sahu ya watse, masu shara suka fara naɗe tabarmi, yana riƙe da ni yana jira.

Ban ce komai ba, Yaya. Shi ya gaji ya saki.

Allah Ya tsare ka a inda kake.

Ƙanenka,
Ghali